Yadda Inuwa Ta Ci Zaɓe

Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, wanda ya yi gyangyaɗi kuma kada ya farka ya ce in maimaita masa.

A wani daji ne, tsohon Zaki ya kwanta dama bai bar magaji ba. Sai dabbobi suka ce dama sun gaji da sarautar gado, daga yanzu Shugaban Ƙasa za a riƙa zaɓa, ya yi damina huɗu ya sauka. Dajin nan kashi uku ne: akwai Tudu, akwai Fadama, akwai Dutse. Aka tsara cewa ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa. Amma tsawon layi kaɗai ba ya ba da nasara. Sai an ga 'yan aƙalla kashi biyu na dajin a layinka, kuma ba 'yan tsiraru ba, don kada wani ya hau mulki da 'yan gidansu kaɗai. Aka naɗa Kunkuru baturen zaɓe. Aka share fili fetal, aka sare duk wata bishiya, wai kada wani ya laɓe ya shiga layi sau biyu.

Ranar zaɓe Kura ta fito daga Tudu, Kada ya fito daga Fadama, Damisa ta sauko daga Dutse. Danginsu suka tsaya a bayansu. Su kuwa ƙananan dabbobi, su zomo da kurege da bushiya da gada, sai suka rasa bayan wanda za su tsaya, don duk wanda suka je bayansa sai ya waiwayo ya lashe baki. Suka yi cirko-cirko a tsakiyar fili, hantsi ya dubi ludayi, rana ta fara gasa musu ƙeya.

Akwai wani raƙumin dawa ana kiransa Jatau. Shi bai ma san ana zaɓe ba. Da sanyin safiyar nan 'yarsa Kyallu ta faɗa ramin mafarauta a ƙetaren rafi. Ya zura wuya ta kama, amma da ya ja sai ƙafafunsa su zame, saura kaɗan shi ma ya bi ta. Abin da yake nema kawai masu riƙe shi ta baya. Ya kuma san mafarauta da faɗuwar rana suke zuwa duba raminsu. Da ya hango taro sai ya nufo shi a guje, ya tsaya a gefen fili yana haki, yana duban gabas, yana neman wanda zai yi wa magana.

Inuwar wuyansa ta faɗi a bayansa, doguwa siririya kamar an shimfiɗa igiya. Tsohuwar Bushiya ta gani, ta gangara ta shige. Zomo ya bi ta. Kurege ya bi zomo. Inuwar ba ta da faɗi, dole kowa ya tsaya a bayan wani. Rana kuwa ba ta san ɗan Tudu da ɗan Fadama ba, kowa ta gasa. Kafin ka ce kwabo layi ya miƙe har bakin fili, 'yan Dutse ma suna ciki.

Kunkuru ya bi layuka yana ƙirga, ya gama, ya hau kututture. Ya ce, "Ni Kunkuru, baturen zaɓe, ina sanar da cewa Jatau ya cika sharuɗɗa. Shi ne Shugaban Ƙasa!"

Fili ya kaure. Kura ta ce an yi mata maguɗi, kotu za ta. Zomo ya dubi Kurege ya ce, "Wa muka zaɓa?" Kurege ya ce, "Oho, ni dai na sha inuwa."

Jatau ya ga ana ta tsalle ana nuna shi, ya ce, "Jama'a, 'yata ce ta faɗa rami." To muryar raƙumin dawa siririya ce, kafin ta sauko ƙasa iska ta kwashe ta. Dila ne kaɗai ya ji, don yana kan wani dogon suri yana kallo. Dila kuwa ya san duk ranar da mafarauta suka yi fiɗa, kayan ciki a bakin rami suke bari. Sai yawunsa ya tsinke. Ya juyo wajen taro ya ce, "Mai girma Shugaba ya ce yana godiya!" Aka yi tafi.

Aka rantsar da Jatau. Aka rasa yadda za a kai hular mulki kansa, sai aka ɗaura masa ita a gwiwa. Ya dubi Dila ya ce, "Malam, me ake yi ne? Me na yi musu?"

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ne Shugaban Ƙasa. Duk ikon dajin nan yana hannunka. Ni ne mai magana da yawunka, kada ka wahalar da wuyanka da sunkuyawa."

Jatau ya ce, "Iko? To a je a ciro mini 'yata."

Dila ya ce, "Abu mai sauƙi. Kai ne babban kwamandan askarawa. Bari in kira Bauna."

Bauna shugaban sojoji ya zo ya ƙame. Dila ya leƙo daga kan suri ya ce masa, "Shugaba yana son a tura soja ƙetaren rafi." Bauna ya ce, "Ranka ya daɗe, rafi shi ne iyakar ƙasa. Soja ba ya ƙetare iyaka sai da amincewar Majalisa." Ya sara, ya koma.

Jatau ya ce, "Ba ka ce ni ne kwamanda ba?"

Dila ya ce, "Kai ne mana."

"To me ya sa bai tafi ba?"

"Saboda kai ne, shi ya sa sai an bi tsari."

Jatau ya juya maganar nan a kansa, ya rasa kanta ya rasa gindinta. Ya dubi rana, ta kai tsaka.

Sai aka tafi Majalisa, a gindin wata tsamiya, Gwaggon biri ne shugabanta. Birai suka ce ba sa sauraron buƙatar Shugaba sai ta bakin minista. Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kana da ikon naɗa minista. Ga ni." Jatau ya naɗa shi. Birai suka ce sai sun tantance shi tukuna. Suka tambaye shi sunansa, suka ce ya rusuna ya wuce. Sannan Dila ya gyara murya ya ce, "Shugaba yana kuka da yawan ramuka a daji."

Nan fa muhawara ta tashi. Wani ya ce ramin ɓera ma rami ne. Wani ya ce to kogon bishiya fa? Aka yi karatu na ɗaya, aka yi na biyu, aka tafi cin tsamiya, aka dawo aka yi na uku. Aka kawo wa Jatau doka a kan ɓawon itace, aka ce ba ta aiki sai ya sa hannu. Ya danna kofato. Gwaggon biri ya yi shela: "Daga yau an haramta rami, an haramta faɗawa cikinsa!"

Jatau ya ce, "Alhamdu lillahi. Ta fito ke nan?"

Dila ya ce, "A doka ta fito, ranka ya daɗe."

Jatau ya miƙa wuya ya hango ƙetaren rafi. Ramin yana nan, baki buɗe. Ya ce, "Amma ga ramin can ina gani." Dila ya ce, "To shi ramin ne ya karya doka, za a kafa masa kwamiti." Kan Jatau ya ɗaure tamau. Ya dubi rana, ta karkata, la'asar ta kawo jiki. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Ya ce, "Malam, don Allah, babu wani ikon da ke aiki yau-yau?"

Dila ya ce, "Akwai mana, babban ma. Kana da ikon yin afuwa. Duk wanda ke tsare, in ka ce a sake shi, an sake shi."

Jatau ya ce, "Na yi wa Kyallu afuwa! A sake ta!"

Dila ya girgiza kai. "Afuwa ai mai laifi ake yi wa. Sai kotu ta kama ta da laifi tukuna."

"Laifin me ta yi?"

"Faɗawa rami. Kai da kanka ka sa wa dokar hannu ɗazu."

"To a yanke mata hukuncin maza in yafe."

"Ba a yanke hukunci sai mai laifi yana gaban alƙali. Sai ta fito."

"Sai ta fito za a yafe mata ta fito?"

Dila ya ce, "Yawwa, ka fara gane mulki."

Shi dai Jatau ya san da safe ba shi da hula, amma yana da ƙafafun komawa wajen 'yarsa. Yanzu ga soja, ga Majalisa, ga minista, ga doka mai kofatonsa, kuma 'yarsa tana cikin rami. Ya ɗaga kai. Can nesa, inda babu mai hangowa sai shi, ya ga mafarauta sun fito daga ƙauye da igiyoyi da wuƙaƙe.

Ya waiwaya ya duba bayansa. Babu kowa. Rana ta yi sanyi, babu mai buƙatar inuwa, kowa ya watse yana kiwonsa a gefen fili. Hawaye suka zubo masa, tun daga can sama suka faɗo kan Dila. Dila ya ce, "Shugaba ya ce za a yi ruwa."

Sai Jatau ya yi abin da raƙumin dawa ba ya yi sai in zai sha ruwa. Ya buɗa ƙafafunsa na gaba, ya tale, hular mulki ta suɓuce daga gwiwarsa ta faɗi. Ya sauko da kansa har ƙasa, daidai hancin tsohuwar Bushiya.

Dila ya yi ihu, "Ranka ya daɗe, girmanka!"

Jatau bai kula shi ba. Ya ce, "Iya, ni ban zo takara ba. 'Yata Kyallu tana cikin ramin mafarauta tun safe, ga su can tafe. Masu riƙe ni ta baya nake nema. Na san ɗazu inuwa kuka bi, ba ni ba. Yanzu ko inuwar ma babu mai buƙatarta."

Bushiya ta yi salati. Ta ce, "Ɗan nan, tun safe? Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na faɗa, Iya. A sama na faɗa."

Bushiya ta kwarara kira. Zomo ya ji ya gaya wa gada, gada ta gaya wa kwaɗi, kwaɗi suka cika Fadama da labari. Dila ya sha gabansu yana cewa ba a bi tsari ba, aka tattake masa wutsiya aka wuce. Bauna ya zo bakin rafi ya tsaya. Ya cire hular soja ya rataye a ƙaya, ya ce, "Soja ne aka hana ƙetarewa. Ni yanzu uban 'ya'ya ne." Ya faɗa ruwa.

A bakin rami Jatau ya zura wuya, Kyallu ta rungume shi. Bauna ya saƙalo ƙafafun Jatau na baya da ƙahoni. Gwaggon biri ya kama wutsiyar Bauna, birai suka kama shi, gada ta kama birai, zomo ya kama gada, 'yan Tudu da 'yan Fadama da 'yan Dutse, kowa ya riƙe na gabansa. Bushiya aka ce ta koma ƙarshe saboda ƙaya. Aka ja, ƙasa ta zame. Aka sake ja, kan Kyallu ya leƙo. Muryar mafarauta ta fara isowa. Aka ja na uku, sai ga ta a waje, layi duka ya zube rigingine. Kafin mafarauta su ƙaraso an ƙetare rafi. Suka tarar da rami wayam da sawu iri-iri, su ma kansu ya ɗaure.

A wannan gefen Kunkuru ya iso da hular mulki a baka. Jatau ya ce shi dai ya gode, a ba wani. Bushiya ta ce, "Ina! Ai yanzu muka san bayan wa muka tsaya. Damina huɗu za ka yi, sai dai kullum ka riƙa sauko da kan nan." Jatau ya dubi Kunkuru ya ce, "To ina da ikon korar minista?" Kunkuru ya ce, "Wannan kam ba sai ka jira kowa ba." Dila bai tsaya jin sauran ba.

Kyallu ta raɓa jikin ubanta, ta dubi taron nan duk sun yi butu-butu da ƙasa, ta ce, "Baba, su wane ne waɗannan?"

Ya ce, "Waɗanda suka zaɓe ni ne."

Ta ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Yanzun nan, a bakin rami."

To kun ji. Ikon shugaba ba a hula yake ba, yana wajen masu riƙe shi ta baya, kuma ba za su riƙe shi ba sai ya sunkuyo sun ji bakinsa. Ku kuma in kun girma kun je zaɓe, ku ɗaga kai ku ga bayan wa kuka tsaya. Su dabbobin nan Allah ne ya taimake su, inuwar Jatau ce. Da ta Kura ce fa?

Kurunkus kan bushiya, wanda ya ce zai ɗauka ya shirya shan ƙaya.