Suna Ɗaya a Takardar Mati

To, ku matso, ga wata gardama da nake so ku raba mini.

Mati mai tsire ne a bakin tasha. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Kuluwa, mai shekara bakwai. Wata ranar kasuwa yana juya nama sai ya dafe ƙirji ya zube. A asibiti aka ce zuciya ce. Allah ya tashe shi, amma tsoro ya kama shi, domin duk sanda ya dubi yarinyar nan sai ya ce a ransa, in na tafi wa zai riƙe ta? Sai ya je kamfanin inshorar rai, irin ta takaful, don Kuluwa ta sami abin karatu a bayansa. Suka ce ya dawo bayan wata shida da takardun asibiti, in hawan jininsa ya sauka.

Yayarsa Tabawa ta kulle ɗakinta a ƙauye ta tare a gidan. Ta janye gishiri, ta hana shi kitse. Ku ji fa, mai tsire a hana shi ɗanɗana tsire! Kullum da safe ta tasa shi gaba su zagaya gari a ƙafa, ga ta da ciwon gwiwa. In ya yi ƙorafi ta ce, "Ni na goya ka, Mati, ba zan binne ka ba." Wata shida na cika, jini ya sauka.

Sai maganar takardu. Ashe gogan naku ya daɗe da naɗe wa mutane tsire da su! Ƙanensa Ilu ya ajiye babur ɗin hayarsa, ya bi masu sayen nama ɗaya bayan ɗaya, har ya tsinci guntuwar takarda duk maiƙo a teburin mai shayi, da lambar katinsa na asibiti a jiki. Kwana tara yana zarya asibiti kafin a sake fitar masa da su.

Ranar cike takarda amininsa Sallau ya raka shi. Ma'aikaciyar ta tambaya ko ciwon ya taɓa dawowa. Mati ya ba ta amsar da kowannenmu ke bayarwa: "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yafe mini, Mati. Hajiya, ya sake faɗuwa sau ɗaya, a hannuna. Ya sa na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Ran Mati ya ɓaci ƙwarai, har ya miƙe zai fita. Matar ta ce ya zauna. Ta ce da an ɓoye wannan, ranar da ta Allah ta kasance za a bincika a gano, Kuluwa kuma ba za ta ga ko sisi ba. Aka karɓe shi a kan gaskiyarsa. Mati ya kama hannun Sallau, hawaye na zuba.

Saura layi ɗaya a takardar: sunan wanda zai riƙe wa Kuluwa amanar kuɗin in babu shi. Suna ɗaya tak ake so. Mati ya riƙe biro, ya kasa rubutawa, don dukansu uku yana jin su har cikin ransa.

To, ku da ba a hannunku biron yake ba, sunan wa ya cancanci layin nan: Tabawa, Ilu, ko Sallau?