Abin da Aka Kira Kunya

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Yana da rumbu biyu, da 'yan awaki, da mata mai yawan dariya, irin wadda in tana daka ana jin waƙarta daga gida na uku. Uwarsa tsohuwa tana zaune tare da su. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana nemansa sai ta ce, "Ina wannan yake?" Kakarsa ce ta goya shi, ita ta rene shi. Ku ma kun san al'adar, kunyar ɗan fari. Bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Ana nan sai matarsa ta yi ciki, ta haifi ɗa namiji da faɗuwar damina. Mutumin ya yi murna ƙwarai. Ya yanka bunsuru, ya tara itacen wankan jego har ya kai tsayin danga, ya bi gari yana shela wai yaron ya ɗauko hancinsa, sai ka ce hancin nan wani abin gado ne.

Amma mai jego ta yi shiru. In aka miƙa mata jariri ta shayar, sai ta kau da kai ta zuba wa bango ido. In ya yi kuka, sai ta zauna hannu a cinya har wani ya zo ya ɗauka. Kunun kanwa yakan huce a gabanta, ƙuda su sha rabonsu.

Matan da suka zo barka suka ga haka, suka yaba. Suka ce rabonsu da ganin yarinya mai kunya irin wannan tun zamanin iyayensu, ba kamar 'yan yanzu ba, masu yi wa ɗan fari rawa a gaban surukai. In suka tambaye ta yaya jiki, ta ce da sauƙi. To, me za ta ce? Wa ya taɓa jin an amsa wannan gaisuwa da wata magana dabam? Mijin kuwa kansa ya ƙara kumbura, ya ce ai shi ya iya zaɓen mata.

Tsohuwar ce kaɗai ba ta sa baki a yabon ba. Tana dafa ruwa, tana yi wa surukarta wanka, tana kallonta.

Aka yi arba'in, aka wuce. Wata rana da rana tsaka ƙotar fartanyar mutumin ta karye, ya dawo gida ba lokacin dawowarsa ba. Ya tarar da jariri a kan tabarma yana kuka har murya ta dishe. Tsohuwa ta tafi niƙa. Ya nemi matarsa a ɗaki, babu. Can ya same ta a bayan rumbu, zaune a ƙasa, ko ɗankwali babu a kanta.

Ba ta ɗaga ido ba ta ce, "Maigida, ka ba wata shi ta rene shi. Kullum ina kallonsa ina jira in ji abin da uwa take ji, ba na jin komai sai tsoro. Da babu ni, da ya fi masa."

Sai mutumin ya husata. Ya tambaye ta me ta rasa a gidansa, hatsi ne babu ko nama. Ya ce, mata nawa ne suke azumi suna roƙon Allah haihuwa, ita an ba ta tana butulci. Ya ce gobe da safe zai mai da ita gidan ubanta ta koyo godiya, yaro kuwa yana nan.

Yana cikin faɗa sai ya ji daga bayansa an ce, "Filibus."

Ya juya yana neman baƙon da ya shigo. Ba kowa sai uwarsa, da ƙwaryar gari a ka. Shekara talatin da huɗu, ran nan ya fara jin sunansa da muryarta.

Ta sauke ƙwaryar ta ce, "Ka bar ta. Wannan ba kunya ba ce, ba kuwa butulci ba ne. Ni na san shi. Da na haife ka, duhu ya rufe ni kamar an kifa mini tukunya a ka. Na kasa dubanka. Mutane suka ce ina da kunya, na bar su suka yi ta faɗa, gama gara a ce da kai mai kunya da a ce mahaukaciya. Da duhun ya yaye, kai ka riga ka saba da bayan kakarka. In na miƙa maka hannu, sai ka gudu."

Mutumin ya zauna a ƙasa. Tsohuwa ta je ta ɗauko jikanta, ta zauna kusa da surukarta, su biyu suka yi kuka.

Kashegari bai kai matarsa gidan ubanta ba, asibiti ya kai ta. Ma'aikaciyar jinya ta saurare ta har ta gama, ta ce wannan ciwo ne sananne, yana kama wasu mata tun suna da ciki, wasu bayan haihuwa, yana kuma da magani. Matan zumuntar cocinsu suka riƙa zuwa bi da bi, wata ta riƙe yaro ta samu barci, wata ta zauna ta ji ta bakinta. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Sai da aka kai dawa gida kafin a ga ta ɗaga ɗanta sama tana yi masa wasa.

Shi kuwa mutumin yakan ɗauko kujera ya zauna kusa da uwarsa, amma ba wanda ya san ta inda zai fara. Damina biyu bayan haka tsohuwar ta rasu.

Ma'anar wannan misali ita ce: duhun da ya rufe matan nan biyu ciwo ne, kamar zazzaɓi, kamar hawan jini. Ba zunubi ba ne, ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Masu barka mu ne, da muke ba ciwo kyakkyawan suna don kada ya ɗora mana nauyi. Manomin kuwa, ku maza na bencin baya, kada kowa ya waiga, da ku nake. Kun iya tara itace, kun iya yanka bunsuru, amma zama a saurari mace ya fi muku noman kadada wuya. Tsohuwar ita ce duk wadda ta haɗiye nata, aka yaba mata, ta biya da ɗanta.

Ke 'yar'uwa da kike cikin wannan duhu, Ubangiji bai yi fushi da ke ba. Ki faɗa wa wadda kika amince da ita, ki je asibiti, mu kuma mu yi addu'a muna tafe tare da ke. Sauran jama'a, akwai mai jego a unguwarku, kun san ƙofarta. Jariri ba ya rasa mai ɗauka. Wannan mako, uwar za ku je gani.