Buhunan Takin Alhaji Rabo a Ɗakin Karatu

Akwai wani manomi a Mabai ta ƙasar Ƙanƙara, ana ce masa Alhaji Rabo. Jama'a, har yau in na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci.

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, takin zamani ya zo a arha, aka ba shi aikin rabawa. Ya rasa wurin ajiya, sai ya sa ido a kan ɗan ɗakin karatun da jama'a suka gina, inda manoma ke zuwa a karanta musu jarida da littattafan noma.

Malam Maharazu, mai kula da ɗakin, ya tare ƙofa. "Alhaji, ka yi haƙuri. Nan fa mutane ke ƙaruwa."

"Mi suka ƙaru da shi?" in ji Alhaji Rabo. "Takarda na cika rumbu? Kauce ka ba ni wuri."

Abin takaici bai tsaya nan ba. Da ya ga ƙasan ɗakin da danshi, sai ya sa aka shimfiɗa littattafan, aka jibge buhunan a kansu.

Malam Maharazu ya ce, "To bari in zaro guda ɗaya. Na yadda ake sa takin ne."

"Ni za a koya wa sa taki? Tun ba a haife ka ba nake noma."

To, Alhaji yana da irin dawa kaura da ya gada daga mahaifinsa. Duk yankin, har Faskari da Sabuwa, ana zancen zangarniyarta, kuma ko tsaba ɗaya bai taɓa ba kowa ba.

Ruwan shuka ya sauka. Alhaji ya ɗauka takin zamani kamar na shanu ne, yawansa shi ne amfaninsa. Kowane rami sai ya zuba iri, ya bi shi da taki cike da hannu, ya rufe. Don ya nuna wa mutane iyawa, bai rage iri a rumbu ba.

Mako guda, gonakin maƙwabta suka yi kore. Tasa shiru. Ya tona rami, ya tarar da irin ya ƙone ya yi baƙi. Ya tona na gaba, haka. Ya bi gonar har ƙarshe.

Ranar da aka kwashe sauran buhunan, Alhaji na tsaye yana kallo. Malam Maharazu ya tsugunna ya ɓamɓaro wani siririn littafi da ya manne da ƙasa, ya buɗe.

Alhaji ya ce a hankali, "Malam, karanta mini."

Malam ya karanta: "Kada a haɗa takin zamani da iri a rami ɗaya. Yana ƙone shi."

"A wane shafi yake?"

"Na farko, Alhaji."

Wata biyu littafin nan yana kwance ƙarƙashin buhunansa. Alhaji ya sayi wani irin a kasuwa ya sake shuka, amma kaurar mahaifinsa ba a ƙara ganin ta a Mabai ba.

Darasi: Ɗakin karatu dukiyar gari ce, kuma amsar da za ta cece ka tana iya kasancewa cikin littafin da ka raina. A tura wa masu cewa sun riga sun san komai.