Romo a Tukunyar Salihu

Akwai wani ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, wajen shekarun 1960, sunansa Salihu. Amininsa Na'ibi mai tsire ne a wani lungu na unguwar Balad. Kullum bayan Magariba Hausawan unguwar kan kewaye wutar Na'ibi, ana hira ana shan shayi. Na'ibi ba ya son komai a duniya kamar wannan majalisa.

Da sanyi ya shigo, ƙafar Salihu ta kumbura har ba ya iya takawa. Likita ya duba shi ya ce, "Daga yau ba kai ba nama. Ko romonsa kada ka sha, in kana son ka ci gaba da dako."

Salihu gwauro ne, bai taɓa dafa abin da ya wuce shayi ba. Ya sayi tukunya ya shiga gwaji. Ranar farko ya haɗa adas, ƙananan waken nan na Larabawa, da kuka. Abin da ya fito, ko magen lungu ba ta tsaya ba. Ya gwada ful, wani wakensu mai faɗi, da kuɓewa, shi ma sai a hankali. Na'ibi ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Amma Salihu bai fasa ba. A hankali ya gano cewa in ya soya albasa har ta yi ja, ya sa daddawa da kabewa da ɗan lemun tsami, adas kan yi daɗin da ba a magana. Ƙafarsa ta sace, ya koma aiki.

Wata rana aka yi ruwa, iska ta hana zama a waje. Mahmud direba, ɗaya daga cikin 'yan majalisar, ya bi ƙamshi ya faɗa ɗakin Salihu, ya sha kwano guda. Washegari ya zo da mutum biyu. Kafin ka ce me, majalisa ta koma can, ana tsoma gurasa a miya mai zafi.

Na'ibi ya zauna shi kaɗai yana fifita wuta. Yana jiyo dariyarsu daga nesa, kishi na cinsa. "Wake!" in ji shi. "A bar tsirena a tafi wajen wake? Wallahi sai na ba shi kunya."

Wata yamma ya je ɗakin kamar mai ziyara, da ɗan gwangwani a ƙarƙashin riga. Da Salihu ya fita alwala, ya juye romon kayan ciki a tukunyar.

Aka taru aka zuba. Salihu ya kai loma ɗaya, ya ɗan tsaya, ya dubi Na'ibi, sannan ya ci gaba da ci.

"Yau miyar daban take," in ji Mahmud.

"Dole mana!" in ji Na'ibi da ƙarfi. "Ai romo ne a ciki. Ashe mai waken namu a ɓoye yake cin nama, yana yi mana ƙarya!"

Aka kwashe da dariya. Salihu ya ci gaba da ci har ya cinye kwanonsa.

Kafin wayewar gari ƙafa ta tashi fiye da da. Salihu ya kwanta, aiki ya tsaya. Majalisa ta dawo wajen Na'ibi, ana ta yi wa Salihu ba'a.

Na'ibi ya je gaishe shi don kada a ce bai je ba. Ya tarar da shi kwance, ko zani ba ya iya ɗorawa a kan ƙafar.

"Sannu, ya akhi. Ka ga abin da ɓoye-ɓoye ke jawowa."

Salihu ya ce, "Na'ibi, tun muna samari nake shan romonka. A lomar farko na gane hannunka."

Na'ibi ya ce, "To me ya sa ka ci?"

"Da na ture kwanon, da an tambayi wanda ya zuba. Kai kaɗai ka shiga ɗakin. Gara a ce na yi ƙarya da a ce ka cuci amininka."

Na'ibi ya koma wajen wutarsa, ya tarar ana kwaikwayon ɗingishin Salihu. Ya kasa daurewa. "Ku yi shiru," in ji shi. "Ni na zuba romon."

Ba wanda ya zage shi. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kofunan shayi, suka nufi ɗakin Salihu. Na'ibi ya zauna, tsire na ƙonewa bai ko juya shi ba.

Can sai ga Mahmud ya dawo, fuska a murtuke. "Ni dai da ba zan kira ka ba. Amma Salihu ya ce ba ya iya tsayuwa a kan tukunya, kuma ba zai ci ba sai kana wurin. Yalla, taso. Ya ce ka zo da wuƙarka, akwai albasa da yawa."

Darasi: Mai hassada yakan cuci wanda ya fi kowa ƙaunarsa, don ya ƙwato abin da ba wanda ya ƙwace masa. In Allah ya buɗa wa ɗan'uwanka, ka taya shi murna, ka matsa kusa a ci da kai. Ku tura wa abokanku, wataƙila akwai mai ɓoye gwangwani a riga da zai karanta ya fasa.