Tasalla Ba Ta Sayar da Ɗanyar Randa

An yi wata baiwar Allah, maginiyar tukwane, ana ce mata Tasalla, a wani gari da ya yi suna wajen randa mai sanyaya ruwa. Ku saurara. Bokiti da roba sun cika kasuwa, masu saye sun ja baya, sai Sarkin Magina ya tara matan garin a bakin ramin gashi.

Ya ce, "Daga yau a riƙa janye tukwane tun wuta ba ta gama cin su ba. A shafe su da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, su yi sheƙi. Itace ya yi wuya, kuma wa zai gane?"

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa zai gane."

"Ke, kin fi sauran matan nan ne?"

"Ban fi su ba. Amma randar da na ƙwanƙwasa ba ta amsa ba, ba ta barin hannuna."

Nan take ya hana ta ramin yumɓu, ya hana ta gashi tare da jama'a. Kun ji zalunci! Matan da suka taso tare da ita suka sunkuyar da kai.

Tasalla ta koma ɗauko yumɓu a ka daga fadama mai nisa. Ita ke haƙa, ita ke kwaɓa, ita ke tsayawa cikin hayaƙi. Idan ta wuce, sai a ce, "Sannu, uwar gaskiya, yau ma da yunwa?"

Damina ta zo, ɗanyun randuna suka riƙa zubewa a gidajen mutane. Sunan gari ya ɓaci, aka bar ginin tukwane, ramin gashi ya zama juji.

Shekaru suka ja. Mutane suka gaji da ruwan roba mai ɗumi, suka dawo neman randa, ba mai yi sai Tasalla. Waɗanda suka sunkuyar da kai dai su suka kawo 'ya'yansu. Ta ce, "Ku zauna, ku miƙo hannu." Wutar gashin tukwane ta sake tashi a garin.

Kada ku ce ta ci riba. A lokacin bayanta ya tanƙware, hayaƙi ya cinye idanunta, kuma har ta rasu ba wanda ya ce mata yi haƙuri.

Jama'a, gaskiya tana da tsada, mai riƙe ta shi ke biya. Wata a cikinku gobe za a ce ta rufe aikin banza da ado. Idan ta ƙi, kada ku sunkuyar da kai ku bar ta ta biya ita kaɗai.