Mutumin da Ya Gwada Ulun Maƙwabcinsa

A ƙasar duwatsu, inda sanyi yake ratsa ƙashi, akwai wani magidanci da jaririnsa yake fama da tari. Matarsa ta ce za ta saƙa wa yaron rigar sanyi. Maƙwabcinsu mai sayar da zare ya kawo musu ulu toka-toka mai kaushi, ya ce, "Wannan ya fi riƙe ɗumi." Amma magidancin ya daɗe yana zargin mutumin nan. Ya ce a ransa, "Wanda ya ƙi sayuwa ne yake so ya tura mana." Sai ya je kasuwa ya sayo ja mai laushi.

Ya ce zai gwada su. Matar ta saƙa ƙyalle biyu, ɗaya da kowane ulu, ya naɗe kwalabe biyu na ruwan zafi da su. Ta jan ulu ya ajiye kusa da murhu, ta maƙwabcin kuwa a bakin ƙofa. Da aka jima ya taɓa, ya ce, "Kin gani? Tasa ta huce." Ya fita ya baza labari a unguwa, mata suka daina sayen zare a wurin maƙwabcin.

Matar ta ce, "Maigida, ko ni ka zaunar a bakin ƙofar nan, ai hucewa zan yi. Sake gwadawa. Jikin ɗana za a sa wa."

Ya sake, yana ƙunƙuni. Kwalabe iri ɗaya, ruwa daga tukunya ɗaya, saƙa mai kauri ɗaya, wuri ɗaya. Da lokaci ya yi ta ɗaure masa idanu, ta zare ƙyallayen, ta miƙa masa kwalaben. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan ce mai ɗumi."

Ta ce, "Ta maƙwabcinka ce."

Sai ya ce, "Kin musanya su ne."

Matar ta saƙa rigar da ulu toka-toka. Shi kuwa bai taɓa zuwa ya wanke sunan maƙwabcinsa ba.

Ga ma'anar misalin, 'ya'yana. Murhun nan shi ne wurin da muke ajiye wanda muke so, bakin ƙofa kuwa wurin wanda muke zargi. Sa'an nan mu ce mun gwada su. Na tsufa a cikin ikilisiya, na ga 'yan'uwa da dama sun huce a bakin ƙofa, aka ce bangaskiyarsu ce ba ta da ƙarfi. Ubangiji ba ya auna mutum haka. Kafin ka ce ɗan'uwanka ya yi sanyi, duba inda ka ajiye shi.