Mai Gandun da Ya Daina Yasar Tafki

Akwai wani manomi da yake da fili a bakin daji, da ƙaramin tafki a tsakiyarsa. Wata rana ya tsinci gada a tarkon mafarauta, ƙafarta a karye. Ya ɗaure mata ƙafar, ya sake ta a bakin tafkin. Da ta warke, ba ta tafi ba. Bareyi suka biyo ruwan, gwanki ma ya zo. Sai mutumin ya kewaye wurin da shinge saboda mafarauta, ya zama gandun namun daji.

Tafkin kuwa laka yake tarawa kowace damina. In rani ya shigo, mutumin yakan shiga da shebur da kwando, ya kwashe lakar har ya kai idon ruwa. Aiki ne mai karya baya, ba kuma wanda yake zuwa kallonsa.

Labari ya bazu. 'Yan makaranta suka fara zuwa cikin motoci. Wani ya kawo jimina, wani ya kawo kada. Mutumin ya faɗaɗa shinge, ya kafa rumfar baƙi, ya gina babbar ƙofa.

Da rani ya zo, matarsa ta ce, "Maigida, ga kwando. Ba ka shiga tafki ba bana."

Ya ce, "Bari in gama fentin ƙofa. Ita baƙi suke fara gani."

Ta ce, "Ashe barewa fenti take sha?"

Ya ci gaba da fentinsa. Shekara ta kewayo, ya ce sai an rufe rumfa. Ta sake kewayowa, ya ce ya gaji. Da gaske kuwa ya gaji.

A wannan rani tafkin ya ƙafe, ya zama taɓo. Gwanki ya fasa shinge, sauran suka bi shi neman ruwa, mafarauta kuma suna jira a waje. Tsohuwar gadar nan ba ta iya gudu ba. A cikin taɓon aka same ta. Washegari motar baƙi ta tsaya a ƙofa, suka yaba fentin.

Ga ma'anar misalin. Gandun shi ne ikilisiyarmu. Tafkin shi ne addu'a da karatun Maganar Allah, aikin da ba a yi wa tafi. A ƙarƙashin bishiya muka fara sujada a nan. Yanzu muna da rufin kwano, da lasifika, da sababbin benci. Ban ce su laifi ba ne. Amma ku zo addu'ar Laraba ku gani, benci muke yi wa wa'azi. 'Ya'yanmu suna fita ta shinge, muna cewa duniya ce ta lalace. Ƙishi ne ya kore su.

Ni na tsufa, bayana ba ya ɗaukar kaya kuma. Kwandon yana nan a bakin ƙofa. Wa zai ɗauka?